Gyaran tsarin ƙananan hukumomi: daga Abuja za a fara ko daga Birnin Kebbi?

Ɗan_Kabi77
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, musamman ga lauyoyin cikinmu da waɗanda suka taɓa aikin ƙaramar hukuma. Tun ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Aka yi ta murna. Ga shi kuma majalisar tarayya ta sake buɗe aikin gyaran kundin tsarin mulki, ana ta maganar 'yancin cin gashin kai. Idan kotu ta riga ta gama magana, gyaran me ake nema kuma? In kuwa gyaran ya zama dole, daga ina ya kamata a fara, kundin ƙasa ko dokar ƙananan hukumomi ta jiharmu Kebbi? Don Allah ban da zagi, ban da jam'iyya.

Mai_Shinkafa
Wa alaikumus salam. Ka ce ban da jam'iyya, to mi za mu tattauna ke nan? Ni dai tun da anka yi hukuncin nan ban ga kwalbati ko guda da ta ƙaru a hanyar gonata ba. Lauyoyi bismillah.

Barista_U
Wa alaikumus salam Malam. Hukuncin kotu fassara ce ta abin da ke rubuce, bai goge ko harafi ɗaya daga kundin ba. Buɗe sashe na 162, ƙaramin sashe na 6, har gobe yana nan yana cewa kowace jiha ta riƙe asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, a zuba kasonsu a ciki. Abin da alƙalai bakwai suka yi, a hukuncin da Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta, shi ne cewa tunda jihohi sun mayar da asusun hanyar riƙe kuɗin, to tarayya ta biya kai tsaye.

Sannan ga sashe na 7. Da hannu ɗaya ya ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓu ne za su mulki ƙananan hukumomi, da ɗaya hannun ya ce jiha ce za ta yi dokar kafa su, da tsarinsu, da kuɗinsu, da ayyukansu. Ko wa'adin ciyaman kundin bai faɗa ba, shi ya sa wata jiha shekara 2, wata 3, wata 4. Watanni kaɗan bayan hukuncin, majalisar Anambra ta yi doka cewa ƙananan hukumomi su riƙa zuba wani kaso na abin da ya shigo musu a asusun da jiha ke kula da shi, kuma da sashe na 7 ɗin nan suka kafa hujja. Muddin waɗannan sassa biyu suna nan yadda suke, kowane gwamna yana da lauyan da zai nemo masa hanya.

Ɗan_Kabi77
To Barista, me ya hana a goge maganar asusun haɗakar kowa ya huta?

Barista_U
Sashe na 9. Gyara ba ya tabbata sai kashi biyu bisa uku na sanatoci da na 'yan majalisar wakilai sun amince, sannan majalisun dokoki na jihohi aƙalla 24 cikin 36 su ma su amince. Nan gizo ke saƙar. A 2022 majalisar tarayya ta amince da ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, aka tura jihohi, bai samu 24 ba. A Maris 2023 Buhari ya sa hannu a kan gyare-gyare 16, ciki har da ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa, har da sauya sunan ƙaramar hukumar Kunchi ta Kano zuwa Ghari. Sauya suna ya wuce salin-alin, maganar kuɗi ta maƙale.

MalamarFiramare
Ni fa ku yi haƙuri, duk sanda na ji an ce "kai tsaye" gabana faɗuwa yake. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, ta biya. Ba na cewa tsarin ya yi, don ƙarin girma sai ka ga an ba ka a takarda, aljihu shiru. Amma aƙalla wata na ƙarewa muna sa rai. In aka damƙa wa ciyaman kuɗin gaba ɗaya, ga 'yan siyasar da suka yi masa yaƙin zaɓe a ƙofar ofis tun safe, ga mu, wa kuke jin zai fara sallama? Duk gyaran da za a yi, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa albashin malamai da na ma'aikatan lafiya da fanshon tsofaffi shi ake fara cirewa kafin kowa ya taɓa sisi. In ba haka ba ni a bar ni inda nake.

Baba_Ritaya
Malama ta faɗi gaskiya, kuma ba tsoron banza take ba. Ni na kama aiki bayan gyaran 1976 da kaɗan, muna ƙarƙashin Sakkwato, tun ba a cire Kebbi a 1991 ba. Waɗanda munka taras a ofis tsofaffin ma'aikatan En'e ne, wato hukumar mulkin gargajiya da ke ƙarƙashin sarakuna. A da En'e ta Gwandu da ta Argungu da ta Yawuri kowace da baitulmalinta, da 'yan dokanta, da gidan yarinta, da alƙalanta, kuma kuɗinta daga haraji da jangali suke fitowa. Ba yabon abin da anka yi ma talakawa nike ba, an sha wuya. Amma mutum ya san kuɗinshi ne a baitulmali. Gyaran 1976 shi ya mai da tsarin iri ɗaya a ƙasa duka, ya sa masu kaso daga tarayya, daga nan ido ya koma sama.

Wanga "kai tsaye" da kuke murna an taɓa gwada shi zamanin Babangida. Anka rufe ma'aikatun ƙananan hukumomi na jihohi, kuɗi na sauka hannun ciyamomi, a 1991 anka ɗora masu firamare gaba ɗaya. Malamai sunka yi wata da watanni ba albashi a wurare da dama, yajin aiki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai da anka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993 ana cire albashin tun daga sama. Da idona na ga hedimasta ya kai kekenshi kasuwa don ya sayi gero. Ku yara ku riƙa tambaya kafin ku yi guɗa.

Sadauki_Jr
Baba da girmanka, amma wannan hujja an daɗe ana ba mu tsoro da ita. Don ciyamomin 1991 sun yi ɓarna sai a ce har abada gwamna ya riƙe? Kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya na ƙananan hukumomi 774 ne. Kebbi muna da 21. A tara abin da ya shigo da sunansu tun 1999 a zo a nuna mana a ƙasa. In ciyaman ya ci, na san gidansu, na san masallacin da yake salla, zan iya tare shi a wurin ɗaurin aure. Wanda ke gidan gwamnati ta ina zan gan shi?

Baba_Ritaya
Ɗana, ban ce a bar ma gwamna ba. Cewa na yi a yi shinge kafin a saki akuya.

TsohonKansila
Kuna ta Abuja, Abuja. Bari in ba ku labarin cikin gida, don na yi kansila zango ɗaya, ba zan faɗi wace ƙaramar hukuma ba. Ranar da aka rantsar da mu aka raba mana wani ɗan littafi na ƙa'idojin zaman majalisa, bugun tafireta, an yi ta masa fotokwafi har wasu layukan sun dushe. Abin da ke ciki mai kyau ne ƙwarai. A aiko wa kansila ajanda kafin ranar zama. A karanta bayanin zaman baya a amince. Kasafin kuɗi ba ya aiki sai kansiloli sun yi muhawara sun amince. Muna da ikon kiran ma'aji ya zo ya yi bayani. Muna da ikon yin dokokin kasuwa da tasha da tsabta.

A aikace fa? Zauren majalisar buhunan taki ne a ciki da karyayyun bencinan makaranta. Masinja ne ke bin mu gida-gida da babur, rajista a cikin leda, a ce sa hannu nan, an zauna ranar Talata. Kasafin kuɗi ya zo mana a shirye, an ɗaure shi da bango mai kyau. Wani abokin aikinmu, tsohon malamin makaranta, ya dage sai ya karanta. A tsakiya ya tarar da shafin da aka manta ba a canza sunan wata ƙaramar hukumar ba, ga sunayen ƙauyukan da ba namu ba an ce za a haƙa musu burtsatse. Da ya yi magana aka ce kuskuren mai buga takarda ne, a wuce.

To wannan wane sashe na kundin ƙasa ne zai gyara shi? Dokar tana nan, littafin yana nan.

Uwar_Hanan
Honarabul, to kai da masinjan ya zo ka sa hannun ko ba ka sa ba? Don mu da muka bi layi cikin rana muka zaɓe ku, wannan muke son ji.

TsohonKansila
Hajiya, tambayi wa ya ba ni takara. Ba layinku ya kai ni ba, sunana aka rubuta a wani falo a babban birni, zaɓen cika ƙa'ida ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abokin nan namu da ya karanta kasafin, alawus ɗinsa ya riƙa makara, zango na gaba ko fom ba a sayar masa ba. Kansilan da ya san ƙuri'arku ce ta kawo shi, kuma ita za ta iya mai da shi gida, ba ya buƙatar a koya masa karanta kasafi.

Ɗan_Gusau
Ina biye da ku daga Zamfara, kuma Honarabul ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Da kotu ta ce babu kuɗi ga kantomomi, kowa ya ruga ya shirya zaɓe. Ku a Kebbi kun yi ranar 31 ga Agusta 2024, APC ta lashe ciyamomi 21 da kansiloli 225, ko ɗaya bai kuɓuce ba. Mu muka yi namu a Nuwamba 2024, PDP ta kwashe ciyamomi 14 da kansiloli 147. Can babbar 'yar adawa ta ƙaurace, nan ma haka. Ɗan_Kabi ya ce ban da jam'iyya, to ga shi na haɗa su biyun, kada wani ya ce na yi son kai. Jiha guda a ce babu mazaɓa ko ɗaya da mutane suka fi son ɗan wata jam'iyya? Ko a gida ɗaya ba a samun wannan haɗin kai.

Sadauki_Jr
Shi ya sa nake cewa a soke hukumomin zaɓe na jihohi a miƙa wa INEC. A Disamba 1998 ita ta yi zaɓen ƙananan hukumomi, PDP da APP da AD kowa ya samu rabonsa. Har yau ita ke yin na ƙananan hukumomi 6 na Abuja, kuma can jam'iyyu kan raba kujerun. Gwamna ya naɗa shugaban hukumar zaɓe, ya ba shi mota, ya ba shi kuɗin aiki, sannan a ce ya kayar da 'yan takarar gwamna?

Barista_U
Sadauki, wannan ma sai an taɓa kundin, don sashe na 197 ne ya kafa hukumomin zaɓen jihohi. Ka ga mun koma ga jihohi 24 ɗin nan. Kuma akwai masu hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, ba duka 'yan koren gwamnoni ba ne. Suna cewa muna kukan komai ya taru a Abuja, sai kuma mu ƙara mata zaɓen kansila? In shugaban ƙasa ke naɗa shugaban INEC, kuma tarayya ke riƙe da famfon kuɗin, an ƙwace ciyaman daga hannun gwamna ne an miƙa shi ga wani. Ni dai a ra'ayina INEC ta fi, amma ba don waliyyai ne a can ba. Don dai gwamna ba ya iya korar su.

Akanta_LG
Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Akwai abin da ba wanda ya ambata, kuma a wurina shi ne jijiyar maganar. A ce gobe kuɗi sun sauka kai tsaye a asusun da aka ce a buɗe a babban bankin ƙasa, CBN. Wa ke sa hannu a fitar? A yawancin jihohi ba ciyaman ba ne, daraktan mulki ne da ma'aji. Su kuwa, da duk ma'aikaci daga mataki na 07 zuwa sama, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗaukarsu, ta ƙara musu girma, ta yi musu canjin wurin aiki. Ma'ajin da ya yi gardama, takarda ɗaya ta isa ya tsinci kansa a ɗaya ƙarshen jihar. Babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi shi ma na jiha ne. Ga kuma iyakar da ake sa wa ciyaman, in aiki ya wuce wani adadi sai ya rubuta wa ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu ya jira amincewa.

Duk waɗannan ba a kundin ƙasa suke ba, a dokar jiha da takardun umarni suke. 'Yan majalisarmu 24 a Birnin Kebbi za su iya gyara su ba tare da jiran Legas ko Bayelsa ba.

Ku tuna a 2019 hukumar NFIU mai sa ido a kan zirga-zirgar kuɗi ta hana cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma. Mu da ke ciki mun ga yadda aka bi da ita. Kuɗin su shigo da safe, kafin la'asar an raba su ta taransifa zuwa "ayyukan haɗin gwiwa", kowace takarda da sa hannunta daidai. Mai bincike ya zo bai ga laifi ba, don a takarda babu laifin.

Mai_Shinkafa
Akanta ka gama magana. Wato an gudu ba a tsira ba.

Jikan_Hakimi
Ni abin da ke ba ni mamaki, duk gyaran da ake yi ba a maganar sarakuna. Kundin 1999 bai ba su aiki ko ɗaya ba. Amma rikicin gona ya tashi, ko makiyaya da manoma, ko rigakafin shan inna, ko baƙo ya sauka a gari ba a san shi ba, wa ake nema? Mai unguwa, dagaci, hakimi. Ciyaman ya yi zangonsa ya tafi, hakimi yana nan ya san iyakar gonar kowa. Masarautunmu huɗu, Gwandu, Argungu, Yawuri, Zuru, sun girmi Najeriyar kanta a wurin mutanensu. A ba su gurbi a rubuce, ko da na shawara ne da sa ido a kan ayyuka.

Sadauki_Jr
Ranka ya daɗe, hakimin da gwamna ke iya dakatarwa da sanarwa ɗaya a rediyo shi zai sa ido? Kuma a jihohi da yawa ana cire musu kashi 5 daga kason ƙananan hukumomin nan. Mai karɓa daga asusu ba ya binciken asusu.

Jikan_Hakimi
Ai dalilin da ya sa nake cewa a rubuta ke nan, yaro. Wanda kundi ya kare ba a dakatar da shi a rediyo.

Baba_Ritaya
Ku bi a hankali da wagga magana. Sarauta ta samu daraja ne tun da anka raba ta da karɓar haraji da ɗaure mutane. Ku mai da ita cikin rabon kwangila ku gani in za ta kai labari.

Ɗan_Ribah
Tunda an buɗe, ni tawa matsalar girman ƙasa ce. Ku dubi Danko/Wasagu a taswira. Mutum ya taso daga ƙauyen bakin iyakar Zamfara don takardar shaidar ɗan ƙasa kawai, kuɗin babur ya fi kuɗin takardar, ga halin hanya, ga halin tsaro. Tun 1996 adadin yake 774, jama'a kuwa sun ninka. Kano 44, mu 21. In ana gyara a ƙara mana ƙananan hukumomi.

Barista_U
Ɗan_Ribah, hanyar tana sashe na 8, doguwa ce. Buƙata daga kashi biyu bisa uku na wakilan yankin, ƙuri'ar raba gardama, amincewar kansilolin yawancin ƙananan hukumomin jihar, amincewar majalisar jiha, sannan majalisar tarayya ta shigar da sunan a jadawalin farko na kundin. Legas ta ƙirƙiro 37 zamanin Tinubu yana gwamna, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumominta, a 2004 kotun ƙoli ta ce ba shi da ikon riƙewa amma su ma sababbin ba su cika ba sai majalisar tarayya ta yi nata. Har yau a matsayin yankunan raya ƙasa suke. Tun dawowar farar hula ba a ƙara ko ɗaya a jadawalin ba.

Akanta_LG
Kuma sabuwar ƙaramar hukuma na nufin sabon ciyaman, mataimaki, sakatare, daraktoci, motoci, sakatariya. Ofishin yanki da ma'aikaci biyu da hatimi zai magance maganar takardarka, kuma wannan kansiloli ma na iya yanke shi.

Ɗan_Ribah
Akanta kai kana maganar takarda, ni ina maganar kaso. Da yawan ƙananan hukumomi ake raba kuɗin.

Admin
Jama'a a dawo kan tambaya. Na goge saƙo biyu da aka kama sunan mutane. Wanda ke da zargi a kan wani ya san hanyar EFCC.

Ɗan_Kabi77
Na gode Admin. Abin da na tsinta zuwa yanzu, asusun haɗaka da hukumar zaɓe sai Abuja da jihohi 24. Amma maganar Akanta da ta Honarabul ta tsaya mini a rai, don wannan a hannunmu take. A ce majalisar jiha ta kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan dokar ƙananan hukumomi, mu a wannan zaure me za mu rubuta mu kai?

Akanta_LG
Ni abu biyu. Na farko, dole a liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe kowane wata a allon sakatariya, da Hausa, a karanta a rediyo. Ba sirri ba ne, ofishin babban akanta na ƙasa da hukumar ƙididdiga suna wallafa kason kowace ƙaramar hukuma a intanet, mutane ne ba su dubawa. Rabin da ya ɓace shi ne inda kuɗin suka tafi. Na biyu, kada a canza wa ma'aji ko daraktan mulki wurin aiki a tsakiyar shekarar kuɗi sai da dalili a rubuce.

TsohonKansila
A ƙara da cewa zaman kansiloli a buɗe yake, ranar kaza ga wata, kowa na iya shiga ya zauna a baya. Zaman da ba a yi a zaure ba, ba zama ba ne, kuma duk abin da aka amince a cikinsa ya ɓaci. Mutum goma kacal daga gari su riƙa zuwa suna kallo, wallahi sai an kwashe takin nan.

Uwar_Hanan
To ni a sa mata a ciki. A ƙaramar hukumarmu ban taɓa jin mace kansila ba, alhali abin da ke hannunsu mu ya fi shafa. Asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu ma'aikaciya ɗaya ce, in haihuwa ta zo da dare da fitilar waya ake karɓa, safar hannu ma mai naƙuda ke saye. Burtsatse ya lalace mu da yara ke yawo da jarka. A Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin mata, to ba sai mun jira su ba. Kansilolin da ciyaman ke naɗawa su riƙe sassa, a sa doka a ce na lafiya ko na ilimi mace ce.

Malam_Na_Bakin_Ruwa
Hajiya ta tuna mini. Jadawali na huɗu na kundin ƙasa ya lissafa aikin ƙaramar hukuma dalla-dalla: kasuwa, tasha, mayanka, maƙabarta, magudanar ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da lasisin keke da amalanke da kwalekwale. Mu da ke bakin kogin Kwara wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Ranar kasuwa ana karɓar kuɗi a bakin ruwa ana ba da rasit, wani lokacin ma ba rasit, amma ban taɓa ganin an ƙirga mutanen da ke cikin jirgi ba. Ni kafin a yi maganar biliyoyin Abuja, a fara gaya mini ina kuɗin kasuwa da na tasha suke shiga.

Ɗan_Gusau
Ku kuna da sauran kasuwar da za a karɓi kuɗi. Mu akwai ƙauyukan da sai sun haɗa wa 'yan bindiga kuɗi kafin su yi shuka, su sake haɗawa kafin girbi. A jadawalin da Malam ya karanto babu tsaro ko kaɗan, 'yan sanda na tarayya ne, Askarawan Zamfara, jami'an tsaron al'umma da aka ƙaddamar a 2024, na jiha ne. Amma in an kai hari ciyaman ake fara bugawa waya, shi ke sayen man motar jami'ai da likkafani. Duk gyaran da bai faɗi matsayinsa a harkar tsaro ba, da yadda za a binciki abin da ya kashe da sunanta, a wurinmu bai taɓa komai ba.

Sadauki_Jr
Duk shawarwarin nan masu kyau ne, amma majalisar da ake cewa ba ta ƙetare maganar gwamna ita za ku kai wa? Ni har yanzu ina kan bakana, a gyara zaɓe tukuna.

Barista_U
A kai dai. Takardar da aka karɓa aka buga mata hatimi hujja ce gobe. Ga kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ƙungiyar unguwa na iya rubuta wa sakatariya ta nemi kwafen kasafin bana. In sun yi shiru kotu na nan, kuma irin wannan ƙara zan tsaya muku ba ko kwabo.

MalamarFiramare
Har yanzu ba wanda ya amsa mini. In an tura kai tsaye, wa zai biya mu, kuma in bai biya ba wa za mu kama? Mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 tun 2024. Akwai ƙananan hukumomin da malamansu suka fi na wasu yawa nesa ba kusa ba, asusun haɗakar ne ke cike musu giɓi. Akanta ka san da haka.

Akanta_LG
Na sani Malama, kuma gaskiyarki ce. Birni mai makarantu da yawa zai iya wayar gari albashi ya cinye kasonsa kaf, na ƙauye yana da rara. Sai dai ko a ware albashin firamare daban tun daga rabon tarayya, wannan kuwa ya sake mai da mu Abuja.

Mai_Shinkafa
Barista na riƙe ka da maganar "ba ko kwabo", na ɗauki hotonta.

TsohonKansila
Littafin ƙa'idojin nan ina jin yana cikin akwatina. In na same shi da dare zan ɗauki shafukan da ke karantuwa in turo, Barista ka duba mana ko an canza shi tun bayan saukarmu. Ɗan_Kabi kai kuma ka fara tsara takardar, a sa maganar Malama a sama.